Ɗanyen Fenti

Mai gidan hayarmu ba ya cewa a'a. Da yana faɗa da tuni na san inda na dosa. Shi dai ya karkaɗa tarin makullan nan da ke rataye a ƙugunsa, ya yi miki murmushi, ya ce, "Ai ba matsala," ki kama hanyar gida kina jin kamar an yi miki wani abin kirki, sai kin kai ƙofa ki tuna hannu biyu kika dawo. 'Yan haya Mai Makullai muke kiransa a bayan idonsa. A gabansa kuwa "ranka ya daɗe" ne har da ɗan rusunawa, ni ma ban fi kowa ba.

Abin da nake bin sa kuɗin ajiya ne. Ranar da muka shiga gidan ya karɓa, wai in mun yi ɓarna a cire a ciki, in ba mu yi ba a mayar mana lokacin tashi. To lokacin tashi ya zo, kuma ba don daɗi za mu tashi ba.

Mijina sana'arsa fenti. Mai Fenti kowa ke ce masa, har ni in ya ɓata min rai. In muna shiri kuwa Baban Auta ne. Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ɓarin hagu ya tafi, magana ta dawo masa guntu-guntu. Gidanmu a hawa na uku yake, matakalar kuma siririya ce mai kwana. Tun da aka hau da shi daga asibiti bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba. Ranar ganin likita sai ƙaninsa ya zo da maƙwabta su ɗora shi a kujerar roba su sauko da shi suna nishi, shi kuma ya runtse ido har a kai ƙasa. Ba tsoro ba ne, kunya ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan tsani ne ake saukowa da shi kamar buhun siminti.

Ƙanin nan nasa mai walda ne, don haka Walda muke ce masa. Shi ya kawo bututun ƙarfe ya kakkafa a bango, daga bakin gado zuwa lungun da ya ratsa tsakanin ɗaki da banɗaki, daga nan har tagar falo. Ya shafe su da baƙin fenti, yayansa na zaune yana kushe aikin. Da ƙarafan nan Baban Auta ya sake koyon tafiya. Hannun dama ya kama, ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo a ja. Har ya kai ga in tafi wurin aiki in bar shi, ya kai kansa banɗaki, ya tsaya a taga yana zagin wanda ya yi wa gidan da ke kallonmu fenti.

Amma taga ba titi ba ce. Na sama mana ɗaki biyu a ƙasa, a gidan wata tsohuwar ungozoma da ta bar aiki, ƙofa tana buɗewa kai tsaye zuwa tsakar gida, babu ko tudu. Kuɗin hayar na haɗa da albashina da abin da muka samu na sayar da tsaninsa da injin feshi. Saura kuɗin ajiya, don ita ma ba ta ba da makulli sai da shi. Ta ce za ta riƙe mana zuwa ƙarshen wata, bayan nan akwai wanda yake ta yi mata sintiri.

Na fara zarya wurin Mai Makullai. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani gidan nasa, tebur ɗaya, kujerar baƙo mai gurguwar ƙafa, da fanka da ya juya ta tana kallonsa shi kaɗai. Yau ya ce gobe, gobe ya ce kuɗin suna banki, jibi wayarsa a kashe. Wata rana na same shi yana cin abinci, ya ce bismillah, na ce na ƙoshi, ya ci gaba har ya suɗe hannu ni ina tsaye. Da na ƙi tafiya ya ce to, zai zo ya duba gidan da idonsa.

Ya zo kuwa. Ya hau yana haki, ya gaida Baban Auta da "ya jiki" ba tare da ya dube shi ba, sannan idonsa ya sauka a kan ƙarafan. Ya bi su da kallo daga falo har lungu, ya sa yatsa ya taɓa noti ɗaya.

"Wannan kuma fa? Asibiti kuka mayar min da gida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lalura ce. Ka ga yanayinsa. Da mun tashi za a cire a gyara maka."

"Da kun tashi?" Ya yi dariya, makullai suka taya shi. "Baiwar Allah, na daɗe ina ba da haya. Wanda ya kwashe kayansa ya tafi ba ya dawowa gyaran bango. Ku mayar min da gida yadda na ba ku, in zo in gani, in ba ki kuɗinki a hannu."

"To ai ba mu da inda za mu sai na kai kuɗin an ba ni makulli. Shi kuma ba ya iya tafiya sai da ƙarafan. Ka ga ke nan..."

"Ai ba matsala," ya ce, ya juya ya fara sauka.

Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar makullansa har ta ɓace. Wallahi ranar da a ce bokitin ruwa na kusa da ni da na bi shi da shi ta saman bene.

A gidan wanki da guga nake aiki, layin guga. Mu huɗu ne a jere, kowa da teburinta da dutsen guga mai tururi, rigunan mutane rataye a hanga a bayanmu cikin leda. Washegari ina tsaye ina ta saƙa da warwara har sai da abokiyar aikina, wadda muke kira Mai Ninki, ta fizge min wuyan wata farar riga daga ƙarƙashin dutsen.

"Ke! Albashinki za ki ƙona?"

Na ba ta labari. Ta ce in kai ƙara, akwai ofishin da ke sauraron rigimar haya, wata 'yar uwarta ta kai kuma ta ci. Na ce cikin wata nawa? Ta ci gaba da ninke wando, ta ce ita dai ta san damina ta zo ta wuce kafin a gama. Na ce to ni ƙarshen watan nan nake da shi. Aro kuwa babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba tun farkon ciwon, har na kai in na kira mutum sai ya fara ba ni labarin nasa matsalolin kafin in buɗe baki.

Da yamma Walda ya zo, muka zauna mu uku a falo. Ya ce shi dai ba zai cire ba, in Mai Makullai yana so ya zo ya cire da haƙoransa. Muna ta ja-in-ja ni da shi, Baban Auta na kallon bango. Can ya buga sandarsa a ƙasa.

"A cire."

Walda ya ce, "Yaya, ka san me kake faɗa kuwa?"

"A cire," ya sake cewa, kalmomin na fita da ƙyar. "Ban taɓa... barin bango da rami ba. Ba a kaina za a fara ba."

Wanda ya san shi ya san an gama magana. Muka tsara: zan ɗauki hutu a wurin aiki, kwana kaɗan ne, ba zai motsa daga kujera ba sai ya kira ni na riƙe shi. Ya ce ya ji. Na sa shi ya maimaita, ya harare ni ya ce shi ba yaro ba ne.

Walda ya kwance ƙarafan yana tsaki, ya ɗaure su ya jingina a baranda. Bango ya fito da ramuka jere-jere, kowanne da baƙin zobe a gefensa inda ƙarfe ya daɗe a manne. Na cike su da farin ƙullun toshe rami yadda Baban Auta ya nuna min, da suka bushe na bi da samfefa har hannuna ya yi kanta. Ni a tunanina sai in ɗan ɗiɗɗiga fenti a wuraren, shi ke nan. Na ɗauko ƙaramin buroshi ke nan ya daka min tsawar da rabon da in ji irinta tun yana da lafiya.

"Ajiye! Ba a faci."

"Baban Auta, wa zai gani? Mutumin da ko fuskarka bai kalla ba?"

"Ni zan gani. Daga kusurwa... zuwa kusurwa."

Haka na sayo babban bokitin fenti da kuɗin cefane. Ya sa aka ja kujerarsa tsakiyar falo, ya zauna kamar alƙali, sanda a hannu yana nuni da ita. Rola ta yi nauyi, matse ta. Daga sama ake farawa. Kada ki tsaya a tsakiyar bango ki amsa waya. Na ce masa da na san haka ake shan wuya a hannunsa da na tausaya wa yaran aikinsa tun tuni, ya ce ai ko mafi daƙiƙanci a cikinsu ya fi ni riƙon rola. Na juyo zan rama sai na ga yana dariya, irin dariyar nan tasa ta yanzu da rabin baki kawai ke yi. Rabon da in gan shi haka har na manta. Warin fenti ya cika gidan yana ta shaƙa kamar turare, abinci ma ranar ya cinye tas.

Mutumin nan yana da wata doka da duk gidanmu aka tashi da ita: ba a taɓa ɗanyen bango. 'Ya'yanmu tun suna ƙanana in za su wuce inda ya yi aiki hannu a baya suke wucewa. Yaran aikinsa kuwa sun sha ƙotar buroshi a kan yatsu. Shi kansa in yana ratsa gidan da ya gama sai ya matse gwiwar hannu a jiki ya bi ta tsakiya, ko hira yake yi, ko waya yake amsawa, bai ma san yana yi ba. Na sha tsokanarsa cewa ko a barci haka yake juyi.

Lungun ne ƙarshen aiki. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na shafa ɓangarorin biyu, ya duba daga kujerarsa ya gyaɗa kai. La'asar ta yi, rana ta shigo ta tagar falo ta haske lungun gaba ɗaya. Na shiga kicin na buɗe famfo ina wanke rola, ina tunanin gobe in kira Mai Makullai. Ashe a wannan hasken ya hango inda fenti ya zubo ya yi hawaye a can ƙarshen bango. Daga baya ya ce ya kira ni sau ɗaya. Ruwa na zuba, ban ji ba. Ya san in aka bari ya bushe sai an kankare, don haka ya soka buroshi a aljihun riga, ya dogara sanda ya tashi.

Ƙarar faɗuwar sandar na ji. Na leƙo, yana tsakiyar lungu, sandar ta zame a kan leda ta bar shi. Komai a idona ya faru. Hannunsa na dama ya tafi inda ya saba, inda ƙarfe yake, ya damƙi iska. Jikinsa ya karkata. Tafin hannun ya buɗe ya nufi bango, bangon na nan dab da shi, da ya dafa da ya tsaya. Saura ƙiris ya taɓa sai na ga yatsun sun tsaya cak, ya janye hannun ya manna a ƙirjinsa. Ya tafi gaba ɗaya ta ɓarin hagu, ɓarin da ba ya iya kare kansa.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Ina ta innalillahi, ina tallabar kansa, ƙafarsa ta juya wani iri. Gumi ya keto masa, leɓɓansa na rawa. Na kai kunne don in ji me yake cewa.

"Na taɓa?"

"Me?"

"Bangon. Na taɓa?"

Na ɗaga kai na duba. Fari tas, yana sheƙi, ko ƙuda bai sauka ba. Na ce, "Ba ka taɓa ba." Sai ya lumshe ido. Ni kuma wani baƙin ciki ya turnuƙe ni da ban taɓa jin irinsa ba, na rasa shi zan rufe da faɗa, ko bangon, ko kaina, sai na fashe da kuka ina kiran maƙwabta.

Ƙashin kwankwaso ne ya karye. Masu motar asibiti suka hau da gadon ɗaukar marasa lafiya, wajen fita da shi ƙarfen gadon ya karci jikin ƙofa, ya bar dogon zane a katako. Ban ma lura ba a lokacin. Aka yi masa aiki. Likita ya ce ƙashi zai haɗe, tafiya kuwa sai an sake koyo daga farko, kuma sai in shi mai jikin ya so. Walda da mijin 'yarmu Auta suka ɗauki nauyin asibiti, ban tambaye su inda suka samo ba don na san ba zan ji daɗin amsar ba. A barandar asibiti Walda ya ja ni gefe, idonsa ja wur.

"Matar Yaya, ke dai ki karɓo kuɗin nan. In aka sallame shi ina za mu kai shi? Hawa na uku?"

Ana gobe wata zai ƙare Mai Makullai ya amsa wayata. Ya ce ai ya ji abin da ya faru, Allah ya sawwaƙe, yana nan zuwa. Na baro asibiti na je na jira shi a gidan, kayanmu duk a ɗaure a kwalaye. Bai zo shi kaɗai ba. Wasu sababbin aure ya kawo su ga gida, saurayi mai ɗaurin agogo da amaryarsa da ke ta leƙa ɗakuna tana murmushi. Ya zaga da su, yana shafa bango da bayan hannu.

"Kun gani? Ni ba na ba da gida sai na gyara shi. Ku shinshina, sabon fenti ne."

Ina tsaye a wurin ya faɗi haka, fentin ma bai gama fita daga ƙarƙashin farcena ba. Na haɗiye. Ya shiga lungun ya duba sama ya duba ƙasa, ya karkata kai ya hanga ta gefe yadda ake neman faci. Bai samu ba. Saurayin ya ce su gidan ya yi musu, in zai yiwu ma jibi za su fara kawo kaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Sai maganar kuɗin."

"Ai ba matsala." Ya nufi ƙofa, sai ya tsaya ya sunkuya. Ya bi zanen nan na jikin katako da yatsa tun daga farkonsa har ƙarshe. "Af. Wannan fa? Da ban gan shi ba."

"Gadon asibiti ne. Da za a fita da shi."

"Allah sarki. To kin ga sai na kira kafinta ya duba, mu san abin da za a cire. Ki same ni sati mai zuwa mu zauna."

Sati mai zuwa. Ungozoma za ta ba da ɗakin gobe da yamma. Na dube shi, yana gyara zaman makullansa, hankalinsa kwance. Ban yi ihu ba, abin ya wuce ihu. Na fita baranda inda ƙarafan ke jingine, na ɗauko ragowar gwangwanin baƙin fentin da Walda ya shafa musu, mai man nan da ba ya fita da ruwa. Na ɓalle murfin da cokali, na tsoma hannuna na dama har wuyan hannu. Na dawo na tsaya a tsakiyar lungu, daidai inda ya faɗi, na ɗaga tafin hannun na kai shi dab da farin bango.

Amaryar ta koma bayan mijinta. Mai Makullai ya ce, "Ke, lafiyarki?"

Na ce, "Ƙalau. Mijina yana kwance da karyayyen ƙashi saboda ya ƙi taɓa bangon nan. Ni ba mai fenti ba ce, ranka ya daɗe, guga nake yi. Ka turo min kuɗina yanzu, ko in bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa, in gama in shiga falo. Sai ka riƙe ajiyar da dalili."

"Za ki yi asarar kuɗinki gaba ɗaya."

"Da ma ina suke?"

Ya juya wurin saurayin yana dariyar yaƙe, wai ka san mata in ransu ya ɓaci. Saurayin bai yi dariya ba. Ya ce shi dai in bangon nan ya ɓaci ba zai jira gyara ba, akwai wani gidan da suka gani jiya. Sannan a hankali ya ƙara da cewa, "Mu ma fa ka ce sai mun ba da ajiya."

Fenti ya fara gangarowa ta damtsena zuwa gwiwar hannu. Da na ji zai ɗiga sai na tara gefen zanena na tare shi don kada ya sauka a ƙasa. A nan na gane ko za a kwana a haka ba zan iya shafa hannun nan ba. Aikin Baban Auta ne, aikinsa na ƙarshe ma wataƙila. Allah ya taimake ni Mai Makullai bai san haka ba. Ya zaro waya yana ƙunƙuni, yana dannawa da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi. Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ce wa amaryar ta taimaka ta ciro ta karanta min, ta karanta da ƙaramar murya. Kuɗin sun cika, bai cire ko na kafinta ba.

"Da ma ai ba matsala," ya ce. "Ke ce da gaggawa."

Na sauke hannuna. Ban ji daɗin komai ba. Na zauna a kan kwali ina goge yatsu da kananzir, ina jin kamar an yi min duka.

Washegari da safe na kai wa Ungozoma kuɗinta. Ta miƙo makulli ta ce, "Abu ɗaya, 'yata. Ba na son ƙusa a bangona, ko ta kalanda." Na ce to. Kafin azahar Walda ya iso da ƙarafan a bayan mota da injin huda bango. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Kin gaya mata?" Na je na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Mama, kuɗin ajiyar da na ba ki, ki riƙe, na bar miki. Ba zan taɓa zuwa karɓa ba. Bangon zan huda."

Ta dubi ƙarafan, ta dube ni, ta dubi baƙin da ya maƙale a gefen farcena. "Kin san dai kuɗin sun tafi ke nan?"

"Na sani."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma ciki, Walda ya kunna inji.

Da aka sallamo Baban Auta, a keken marasa lafiya aka turo shi tun daga titi har bakin gado, ba wanda ya ɗaga shi, ba wanda ya yi nishi. Na zaci zai ce wani abu. Bai dubi ƙofar ba, bai dubi ƙarafan ba. Hannunsa na dama na kan cinya, a nan ya bar shi. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Mai gashin ƙashi na asibiti ya zo ya yi lallashi ya gaji, Walda ya yi tsokana ya gaji, ni na yi faɗa har na ji kunyar kaina. In na ce ya kama ƙarfe ya gwada sai ya ce gobe. Na ce masa ashe Mai Makullai ya bar mana gadon "gobe", ko murmushi bai yi ba. Na bar masa ƙofa a buɗe kullum in zan fita, in dawo in same shi ya juya mata baya. Abin da na yi ta faɗa a kansa na samu, ga ƙasa ga titi, mutumin da na yi domin shi kuwa ya zauna. A wurin guga sai in ji hawaye na ɗiga a kan rigar mutane, in bi da dutse in busar.

Wata yamma na dawo daga aiki na same shi a kekensa kusa da taga, ba inda na bar shi ba, yana ta haki. Ya ƙi haɗa ido da ni. Na ajiye jaka ina dube-dube ko wani abu ya faɗi, sai idona ya kai bango. Sama da ƙarfen, daidai kafaɗar mutum a tsaye, ga shatin hannu baƙi ƙirin da dattin tayar keke, yatsu biyar a buɗe, an danna da ƙarfi har ya ɗan zame.

Ya ce, "Na taɓa." Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar yaron da ya fasa kofi. "Jiri ne... ya ɗebe ni. Kawo tsumma in goge."

Na matsa kusa na ƙare wa shatin hannun nan kallo.

"Baban Auta," na ce, "in ka goge shi, ni da kai ne."